Yadda Ake Karanta Lambobin Matsala A Injin Eskabeta Kafin A Kashe Kuɗi

Duk ɗan kwangilar da ya taɓa ɗaukar hayar motar haƙa ƙasa, wadda ma'aikata ke kira eskabeta, wasu kuma su haɗa ta da sauran 'yan'uwanta su ce katafila, ya san cewa kuɗin haya ba ya tsayawa don mota ta tsaya. Idan jar fitila ta kama a allon direba da hantsi, inji kuma ya rage ƙarfi, to tifofin da suka yi layi suna jiran yashi ko jar ƙasa za su wuni a banza, leburori sai an biya su, wa'adin aikin kuwa yana ta matsowa. A irin wannan hali ne masu motoci suka fi yin hasara, domin gaggawa ta kan sa a tura yaro kasuwa ya sayo sabuwar sensa da tsada, a ɗaura ta, a tayar da inji, sa'an nan lambar ta sake fitowa kamar ba a yi kome ba.

Ya kamata mai karatu ya riƙe abu guda tun daga farko. Lambar da ta bayyana a allo ƙara ce kawai ƙwaƙwalwar inji ta shigar, cewa saƙon da ke zuwa mata ta wani layi bai yi daidai ba. Ba ta yanke hukunci a kan kowa ba tukuna. Mai laifin yana iya kasancewa sensar, ko wayar da ta taso daga gare ta, ko soket ɗin da ya haɗa su, ko batir, ko kuwa injin ne ba shi da lafiya da gaske, sensar gaskiya ta faɗa. Aikin bakanike shi ne ya rarrabe tsakanin waɗannan kafin a taɓa aljihun mai mota.

Inda lambobin suka samo asali

Tsofaffin motocin da aka yi manyan hanyoyin ƙasar nan da su a shekarun 1970 da 1980 famfon mai na ƙarfe zalla gare su, kuma ƙwararren bakanike ya kan gane ciwonsu daga ƙara da launin hayaƙi. Daga shekarar 1996 Amurka ta fara aiki da dokar rage hayaƙin manyan injunan gine-gine, aka yi ta tsananta ta mataki bayan mataki, har a 2006 wani sabon mataki ya fara aiki a Amurka da ƙasashen Turai. Domin su cika sharuɗɗan dokar, kamfanoni suka miƙa ragamar zuba mai ga wata ƙaramar kwamfuta, wadda kanikawanmu ke kira burenbokis, watau ƙwaƙwalwar inji. Motoci irin su Komatsu PC200-8, da Hitachi ZX200-3 mai injin Isuzu 4HK1, da Caterpillar 320D mai injin C6.4, da Volvo EC210B duk suna da ita, kuma da yawa daga cikinsu na hannu ne da aka sauke a tashoshin jiragen ruwa na Ikko bayan sun yi dubban sa'o'i suna aiki a wata ƙasa.

Ita ƙwaƙwalwar ba ta gani, ba ta ji, sai abin da sensoshi suka gaya mata, kuma harshen da suke magana da shi shi ne ƙarfin wutar lantarki, wanda ake aunawa da bolt. Sensar matsi, kamar ta baƙin mai ko ta iskar tarbo, yawanci waya uku gare ta: ɗaya tana kawo mata wuta bolt 5 daga ƙwaƙwalwa, ɗaya ta ƙasa ce, ta ukun kuma ita ke mayar da saƙo. Saƙon lafiyayyar sensa ya kan tsaya tsakanin kimanin rabin bolt da bolt huɗu da rabi. Da gangan aka bar wannan rata a ƙasa da sama, domin idan ƙwaƙwalwa ta ga saƙo ya faɗi kusa da sifiri, ko ya haura kusa da bolt 5, ta san cewa ba awo ba ne, layin ne ya sami matsala.

Sensar zafi kuwa waya biyu gare ta. Abin da ke cikinta yana tare wuta sosai idan yana da sanyi, yana kuma sakin ta gwargwadon yadda zafi ke ƙaruwa. Ana auna wannan tarewa da ma'aunin om. Alal misali, wata sananniyar sensa ta kamfanin Bosch ta kan nuna kimanin om 2,500 a zafi digiri 20, ta sauko kusa da om 300 a digiri 80. Kowane kamfani da nasa jadawalin, saboda haka littafin motar ne abin dogara. Sai kuma sensoshin gudun inji, waɗanda ke ƙidaya haƙoran da ke wucewa ta gabansu a kan karanshaf da kamshaf, domin ƙwaƙwalwa ta san lokacin da za ta buɗe kowace nozul.

Lamba kashi biyu ce

Yawancin injunan zamani suna bin wani tsari da ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka ta shimfiɗa, mai suna J1939. A wannan tsari lambar matsala kashi biyu ce. Kashi na farko, mai alamar SPN, yana faɗin wurin da ake tuhuma. Lamba 100 matsin baƙin mai ce, 110 zafin ruwan lagireto, 102 matsin iskar tarbo, 105 zafin iskar da ke shiga inji, 157 matsin mai a bututun da ke ciyar da nozul, 190 gudun inji, 97 ruwa a cikin man gas, 168 kuwa ƙarfin batir. Kashi na biyu, mai alamar FMI, shi ke faɗin irin matsalar, kuma shi ne wanda direbobi suka fi mantawa idan suna ba da labari ta waya.

FMI 3 na nufin wuta ta yi yawa a layin saƙo, FMI 4 kuma ta yi kaɗan. FMI 5 alama ce ta waya a tsinke, 6 kuwa waya ta taɓa jikin ƙarfe. FMI 2 na nufin saƙo yana rawa, ya zo ya ɗauke, 8 kuma bugun sensar gudu ne bai zo bisa ƙa'ida ba. Duk waɗannan magana ce ta lantarki. Amma FMI 0 da FMI 1 wani abu ne daban ƙwarai: ƙwaƙwalwa tana cewa ta yarda da saƙon, awon ne ya wuce iyaka ko ya kasa. Watau 110 da FMI 3 na nufin a duba waya da sensar zafi, amma 110 da FMI 0 na nufin inji ya ɗau zafi da gaske, a kashe shi. Haka nan 100 da FMI 4 matsalar layi ce, 100 da FMI 1 kuwa baƙin mai ne ba ya kaiwa inda ya kamata. Bambancin lamba ɗaya tak a nan shi ne bambanci tsakanin gyaran 'yar waya da saukar da inji baki ɗaya.

Kamfanonin ba su bar abin iri ɗaya ba. Caterpillar ya kan rubuta MID, da CID, da FMI, inda MID 036 ke nufin ƙwaƙwalwar inji, CID kuma ke maye gurbin SPN, sau da yawa da lambobi iri ɗaya kamar 100 da 110 da 190. Matsalolin da ke na gaske ya kan ba su harafin E, kamar E360 ga ƙarancin matsin baƙin mai da E361 ga zafin ruwa, tare da lamba 1 ko 2 ko 3 da ke nuna ko gargaɗi ne, ko rage ƙarfi, ko kashe inji. Tsofaffin motocin Volvo suna nuna MID 128 da PID. Komatsu PC200-8 kuwa ta kan nuna wa direba gajeriyar lamba irin su E11 ko E15, amma akwai kuma cikakkiyar lambar, mai farawa da CA. Gajeriyar lambar kaɗai ba ta isa a sayi kaya a kanta ba.

Misali: sensar zafin ruwa

Mu ɗauka PC200-8 ce ke yashe magudanar ruwa da damina, ta nuna CA144, watau wuta ta yi yawa a layin sensar zafin ruwa. Abu na farko shi ne a rubuta lambar da adadin sa'o'in mota, a kuma duba ko matsalar tana nan a raye ko tsohuwa ce da ƙwaƙwalwa ta ajiye. Kada a goge kome tukuna, domin tarihin lambobin shi ne shaidar da za a yi aiki da ita. A tambayi direba abin da ya faru kafin fitilar ta kama: an wanke injin ne da ruwa mai ƙarfi, ko an yi walda a bokiti, ko an canja batir, ko motar ta shiga ruwa mai zurfi? Sau da yawa amsarsa ta kan rage rabin aikin.

Sa'an nan a sauke bokiti ƙasa, a kashe inji, a bi wayar da ido da hannu tun daga sensa har zuwa ƙwaƙwalwa. A cire soket a leƙa cikinsa. Koren tsatsa a kan allurorin soket, ko laima, ko allurar da ta ja baya, ko robar toshiya da ta tsage, kowanne ya isa ya kawo wannan lamba. A yankunan Kudu, inda ruwan sama da laima suka yi yawa, irin wannan tsatsa ba baƙuwa ba ce, a Arewa kuwa zafin rana da na inji ne ke busar da rigar waya har ta karye. Wuraren da suka fi cin waya su ne inda damin wayoyi ya goga da ƙarfe, da kusa da salansa, da inda wani ya taɓa yin haɗi ya naɗe da salatif. Ɓeraye ma suna da nasu kason idan mota ta daɗe a ajiye.

Idan ido bai ga kome ba, sai a ɗauko mitar awon wuta. A kunna makulli ba tare da an tayar da inji ba, a auna tsakanin allurori biyu na soket ɗin da ke ɓangaren waya. Ya kamata a sami kusan bolt 5. Idan babu, matsalar tana baya, a waya ko a ƙwaƙwalwa, kuma sabuwar sensa ba za ta yi maganin kome ba. Idan akwai, sai a yi wata 'yar dabara da littattafan gyara suka tanada ga sensa mai waya biyu: a kashe makulli, a haɗa allurorin nan biyu da guntuwar waya, a sake kunnawa. Idan lambar ta juya daga CA144 ta koma CA145, watau daga wuta mai yawa zuwa wuta kaɗan, to ƙwaƙwalwa tana ji, waya kuma lafiya lau take, tuhuma ta koma kan sensa. Daga nan a auna tarewarta da sanyi, a tsoma bakinta cikin ruwan zafi, a ga ko awon yana sauka a hankali kamar yadda jadawali ya nuna. Sai wadda ta faɗi wannan jarrabawa ce ta cancanci a jefar. Kada a gwada wannan haɗi a soket mai waya uku ba tare da zanen wayoyin motar a hannu ba.

Ga matsalar da ke zuwa tana tafiya, sai a bar mita a haɗe, ko a sa wani ya zuba wa allo ido, a riƙa girgiza damin wayoyi gaɓa-gaɓa. Inda awo ya yi tsalle, nan ciwon yake. Wannan aiki yana bukatar haƙuri, amma ba ya cin ko kwabo.

Idan sensa gaskiya ta faɗa

Idan lambar ta zafi ce na gaske, a bar lantarki a koma ga lagireto. A eskabeta, lagireton ruwa da na man haidurolik suna tare a wuri guda, kuma ƙura, musamman a wuraren fasa dutse da lokacin hunturu, ta kan toshe ramukansu har iska ta kasa wucewa. A duba yawan ruwa bayan inji ya huce, a duba fanbel, a duba murfin lagireto da famfon ruwa. Al'adar nan ta cire tamostat a yar, wai don ƙasarmu da zafi, ba ta dace da waɗannan injuna ba, domin ƙwaƙwalwa tana lissafin mai ne bisa zafin da aka tsara injin ya yi aiki a kai.

Ga lambar ƙarancin matsin baƙin mai, hanya ɗaya ce: a kashe inji nan take, a duba yawan man, a ɗaura geji na hannu a ramin awo, a gwada abin da ya nuna da abin da littafi ya ce. Idan geji ya nuna matsi ya cika, sensa ko wayarta ce ke ƙarya. Idan ya nuna ya kasa, ita ce ta ceci injin. A nan ya wajaba a yi magana a kan abin da wasu ke yi a wuraren aiki, watau su haɗe wayar, ko su sa wani abu a madadin sensa domin fitila ta mutu a ci gaba da lodi. Mai yin haka ya rufe bakin mai gadi ne kurum. Ranar da famfon mai ya gaza babu abin da zai yi gargaɗi, sai dai a ji inji ya buga, kuma kuɗin karanshaf da metal da kwanakin zaman banza sun ninka kuɗin sensa sau da yawa. Mai mota yana da haƙƙin ya tambayi bakanike yadda aka yi fitilar ta mutu.

Man gas shi ma babban mai laifi ne. Lambar CA559 a Komatsu, ko 157 a tsarin J1939 idan ta zo da alamar ƙarancin matsi, tana nuna cewa famfo bai iya tara matsin da ƙwaƙwalwa ta nema ba. Kafin a zargi sensar bututun ko famfon, waɗanda duka masu tsada ne, a fara da filtar mai, a tsiyaye ruwan da ya taru a kofin da ke ƙarƙashinta, a duba ko iska na shiga ta wani tiyo, a leƙa gindin tanki. Man da aka ajiye a tsofaffin durom-durom a wurin aiki, ko wanda aka gauraya da kananzir, yana cinye famfo da nozul na waɗannan injuna da sauri. Gargaɗi kuma a nan: matsin mai a wannan bututu ya kan haura bar 1,000, a wasu injuna har 1,600, kuma tsirin mai a irin wannan ƙarfi yana huda fata. Ba a kwance bututun inji yana aiki yadda ake yi wa tsofaffin injuna don a gane silindar da ta mutu, ba a kuma neman yoyo da tafin hannu.

Lambobi da yawa a lokaci guda

Wani lokaci allo ya kan cika da lambobi huɗu ko biyar tare, mai mota ya tsorata. Da wuya sensoshi biyar su mutu rana ɗaya. Abin da ya haɗa su ake nema. Sensoshi da dama suna shan wutar bolt 5 daga layi guda, saboda haka idan ɗaya ta haɗe a ciki, ko wayarta ta taɓa ƙarfe, sai ta janye wutar sauran duka. Caterpillar ya kan nuna wannan da CID 262, Komatsu kuma da lambobi irin su CA187. Maganin shi ne a riƙa cire soket ɗin sensoshin da ke layin ɗaya bayan ɗaya, ana duban mita. Wadda aka cire wuta ta dawo bolt 5, ita ce. Idan an cire duka wutar ba ta dawo ba, wayar ce ta haɗe a wani wuri.

Haka nan batir. Yawancin manyan eskabetoci batir biyu ne masu bolt 12 aka jera su ba da 24, kuma idan inji na aiki ya kamata mita ta nuna wajen 27 zuwa 28. Batir mai rauni, ko kan batir da ya yi gishiri, ko wayar ƙasa da ta saki a jikin shasi, suna iya haifar da lambobin da ba su da asali. Idan kuwa allon ne ya daina jin ƙwaƙwalwar inji, akwai wayoyi biyu a murɗe da ke ɗaukar saƙo tsakaninsu. A tsarin J1939, idan an cire batir aka auna tsakaninsu, om 60 ake sa ran gani. Om 120 na nufin ɗaya daga cikin toshiyoyin ƙarshen layin ta ɓace ko waya ta tsinke.

Sensar gudu ba ta bukatar dogon bayani. Idan ɗaya ta ɗauke, kamar a CA689 ko CA778, inji ya kan tashi da ta biyun, ko da ƙyar. Idan duka biyun suka ɗauke, kamar a CA115, ba zai tashi ba. A ciro ta a share garin ƙarfen da ya manne a bakinta, a tabbatar ta zauna daram, kafin a yi zancen saye.

Ƙwaƙwalwar kanta ita ce ta ƙarshe da za a tuhuma, domin ba kasafai take lalacewa don kanta ba. Abin da ya fi kashe ta shi ne walda a jikin mota ba tare da an cire batir da soket ɗinta ba, da juya kan batir, da ruwa. Wasu gwaje-gwajen kuma ba sa yiwuwa sai da kwamfutar kamfani, kamar Cat ET ga Caterpillar ko INSITE ga injunan Cummins, kuma sabuwar ƙwaƙwalwa ko sabuwar nozul galibi sai an shigar da bayanansu da irin wannan na'ura. A nan kiran wakilin kamfani ko mai na'urar ya fi arha bisa ga gwaji da kayan mutane.

Idan ta tabbata sai an sayi sensa, a tafi da lambar jikin mota, da lambar inji, da tsohuwar sensar a hannu, ko wurin wakilin kamfani za a je ko kasuwa irin ta Ladipo a Ikko ko ta Nkpor kusa da Anacha. Sensoshi biyu na iya yin kama a ido, zarensu ɗaya, soket ɗinsu ɗaya, amma iyakar awonsu ta bambanta, kuma wadda ba ta dace ba za ta riƙa ba ƙwaƙwalwa labarin ƙarya ba tare da wata fitila ta kama ba. Bayan an ɗaura, a mayar da robobin toshiya, a ɗaure wayar nesa da zafi da wurin guga, a goge tsofaffin lambobi, a bar inji ya ɗau zafinsa, sa'an nan a sa motar ta yi haƙa na gaske na ɗan lokaci a sake duba allo. A ƙarshe a rubuta a littafin mota ranar, da sa'o'in da ke kan mita, da lambar da ta fito, da abin da aka samu, domin bakaniken da zai zo gaba, da kuma mai saye idan an tashi sayar da motar.